Ra'ayinmu: Akwatin Alawa Da Darajar Digirinmu

A ranar baje kolin ayyukan ɗalibai da aka yi a ƙarshen zangon karatun da ya wuce, akwai wani ɗan teburi can kusa da ƙofar fita, wanda manyan baƙi suka wuce ba su ko dube shi ba, amma 'ya'yan ma'aikata da 'yan talla suka yi masa dafifi tun da hantsi har la'asar sakaliya. Abin da ke bisa teburin nan wani akwatin katako ne, tsayinsa bai fi kamu ɗaya ba, an kifa masa gorar roba a ka cike da alawa. Idan mutum ya miƙa hannu ƙarƙashin bakinsa, sai ya ji wani ɗan ƙugi daga ciki, kafin ya ankara alawa guda ta faɗo masa a tafin hannu. Ɗalibai uku ne 'yan aji biyu na sashen injiniyancin lantarki, maza biyu da mace ɗaya, suka haɗa shi da kuɗin guzurinsu, ba wani malami ne ya sa su ba, ba kuwa za a ba su maki a kansa ba.

Mun ji da kunnenmu irin shaguɓen da wasu daga cikinmu suka yi ta yi musu. Wani ya ce iyaye sun sayar da hatsi sun turo 'ya'yansu jami'a, su kuwa sun ɓige da wasan yara. Wani ya ce ai mai teburin bakin ƙofar makaranta ya fi akwatin nan saurin miƙa alawa, ga shi yana ba da canji, har ma yakan ba da bashi. Aka yi dariya aka watse. Mu dai a wannan mujalla, bayan mun zauna da masu akwatin sun kwance mana shi mun ga cikinsa, ra'ayinmu shi ne, cikin dukan abubuwan da aka baje a ranar nan kaɗan ne suka kai shi cancantar a kira su aikin jami'a. Ga dalilanmu nan, mai karatu ya auna da kansa.

Da farko bari mu bayyana yadda abin yake aiki, domin wanda bai san cikin abu ba shi ke saurin raina shi. Akwatin yana da sassa uku, watau kunne da ƙwaƙwalwa da hannu. Kunnen wata 'yar na'ura ce mai suna HC-SR04, wadda in ka dube ta sai ka ce idanu biyu ne a jere. Ɗaya yana fitar da sauti mai kaɗawa sau 40,000 a sakan guda, wanda ɗan Adam ba ya ji, tun da jinmu ba ya wuce wajen sau 20,000. Ɗayan kuma yana sauraron dawowar sautin in ya bugi wani abu, kamar dai yadda jemage ke gane hanyarsa cikin duhu. Sauti yana cin kimanin mita 343 a sakan guda cikin iska mai matsakaicin zafi. Saboda haka in hannu yana nisan santimita 10, kafin sautin ya je ya dawo, abin da zai shige ɗan ɗori ne kawai a kan rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Da wannan ɗan lokaci ake lissafa nisan hannun.

Ƙwaƙwalwar kuwa wani allo ne mai suna Arduino Uno, wanda bai cika tafin hannu ba, mai aiki da wuta bolt 5. Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fara ƙera irin wannan allo a 2005, a wata makarantar zane da ke garin Ivrea a ƙasar Italiya, domin ɗalibansu waɗanda ba injiniyoyi ba ne su samu abin koyo mai araha, suka kuma bar zanensa a buɗe ga duk mai so ya kwaikwaya. A kwamfuta ake rubuta masa umarni a ɗura masa, daga nan sai ya riƙe. Hannun shi ne wani ɗan inji da masu sana'ar ke kira sarbo, wanda ba ya yin juyi barkatai irin na fanka: ana aika masa bugun wuta sau 50 a sakan guda, tsawon kowane bugu shi ke gaya masa kusurwar da zai tsaya. An ɗaura masa faifan katako mai huda guda, daidai cikin alawa ɗaya. In kunne ya ji hannu, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, sai faifan ya juya kwatar zagaye, ya ɗauko alawa daga ƙarƙashin mazurari ya kai ta bakin fita, sa'an nan ya koma inda yake.

A takarda abin da sauƙi, ana iya zana shi cikin rabin awa. To, amma fa gani ya kori ji. Masu akwatin sun nuna mana littafin da suka riƙa rubuta abin da ya same su kullum, ga kuwa kaɗan daga ciki. A gwajin farko alawa uku suka fito, ta huɗu ta ƙi. Da suka leƙa sai suka tarar alawoyin sun tokare juna a wuyan gora sun yi baka, ƙarƙashinsu wayam. Sai da suka faɗaɗa wuyan, suka kuma kafa wani ɗan tsinke a kan faifan wanda ke motsa tarin duk lokacin da ya juya. Wannan matsala ta tokarewa ita ce dai ke damun masu manyan rumbunan siminti da na taki da na hatsi a ko'ina cikin duniya, su kuwa sun gamu da ita a wuyan gorar ruwa.

Na biyu, duk sa'ad da faifan ya ɗan cije, sai allon ya ɗauke ya sake farawa kamar an kashe shi an kunna. Sun yi kwanaki suna zargin umarnin da suka rubuta, suna gogewa suna sakewa, alhali kuwa ba nan gizo ke saƙar ba. Wani mai gyaran rediyo a cikin gari ne ya ara musu mitarsa, suka auna suka ga cewa in injin ya ji nauyi yakan fizgi wuta da yawa gaba ɗaya, har ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da abin da allon ke bukata. Maganin abin shi ne suka ba injin batirinsa dabam, suka haɗa wayoyin ƙasa na ɓangarorin biyu wuri guda, suka ƙara kafasita mai tara wuta don ta tare fizgar. Dokar Ohm tana nan cikin takardunmu tun aji ɗaya, dukanmu mun haddace ta mun ci jarrabawa, amma ɗayansu ya ce mana sai a ranar nan ya san tana da haƙora.

Na uku, sun fara da alawar madara don kishin abin gida, zafin rana ya narkar da ita ta liƙe faifan, kiyashi kuma suka yi sallama. Suka koma minti mai leda, kunnuwan ledar suka riƙa sarƙewa a huda. Daga ƙarshe sai suka tsaya a kan alawa mai tauri, mulmulalliya, suka sake yanka hudar daidai da ita. Na huɗu ya fi ban dariya. Wani yaro ya gano cewa in ya bar hannunsa a wurin bai janye ba, akwatin zai yi ta zubo masa har gora ta ƙare. Suka gyara umarnin, ya zama dole sai an janye hannu, an kuma jira sakan 5, kafin wata ta fito. Yaron ya koma yana kawo ƙannensa suna bin layi. Babu wani littafin lantarki da ya yi babi a kan wayon yaron Hausawa, amma duk injiniyan da zai ƙera abin da jama'a za su taɓa, tilas ya sa irin wannan wayo cikin lissafinsa.

Yanzu sai mu waiwayi sauran teburan, kuma muna roƙon kada kowa ya ji haushi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai ayyukan kammala karatu masu manyan sunaye, an yi musu fenti, an buga rahotanninsu an yi musu bango mai ruwan zinariya. Wasu daga ciki gumin masu su ne, mun kuwa yaba musu. Amma a wani teburi mun tambayi mai aikin abin da wata waya ja take yi, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta, ya ce bari abokinsa ya dawo. Abokin bai dawo ba har aka tashi. Wane ne a cikinmu bai san cewa akwai shagunan da ɗalibi zai je ya faɗi sunan aikinsa, a yi ciniki, ya dawo bayan 'yan makonni ya karɓi akwati a haɗe da rahoto a rubuce? Wane ne bai san farashin yana hawa in ranar kare aiki ta matso ba? Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, domin gobe ma wani zai bukata.

Adalci ne mu faɗi cewa laifin ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai. Ɗalibi yakan kai ajin ƙarshe bai taɓa narka dalma ya liƙa waya da hannunsa ba, domin a ɗakin gwaji mutum ɗaya ke taɓa na'ura, sauran kuwa su tsaya a bayansa suna kwafar lamba. Malami guda yana duba ayyukan ɗalibai fiye da ƙarfinsa. Wajen ba da maki kuma an fi duban girman suna da ko fitila ta kama a gaban masu jarrabawa, ba a tambayar wahalar da aka sha a hanya. Sa'an nan kwatsam a ce da yaron da bai taɓa rarrafe ba ya tashi ya yi tsere cikin wata shida. In ya ji tsoron faɗuwa ya nufi shago, ya yi kuskure babba, amma mun ga ƙofar da kuskuren ya shigo.

Wannan kuka ya girme mu. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, a 1971, shi kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, domin tun wancan lokaci masu masana'antu suna cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu sun san takarda amma hannunsu bai faɗa ba. Da aka fara aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin koyon fasaha a ƙananan makarantun sakandare, aka sayo kayan aiki daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa kayan suka tsufa cikin akwatunansu saboda rashin ɗakin aiki, ko wutar lantarki, ko malamin da ya iya sarrafa su. Niyya ta yi kyau sau biyu. Abin da ya gagara shi ne a sa guduma da waya a hannun yaro tun da wuri, a kuma ƙyale shi ya ɓata ya gyara.

Masu cewa akwatin alawa wasan yara ne, su ɗan leƙa tarihi. A ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, Hero na birnin Iskandariyya ya bayyana wata na'ura da in an jefa mata kuɗi, nauyinsa zai danna wani sanda ya buɗe bututu, ruwa ya zubo har kuɗin ya zame ya faɗi, bututun ya rufe. A Bagadaza, wajen shekara ta 850, 'yan'uwan nan uku da ake kira Banu Musa sun bar wa duniya Kitabul Hiyal, mai bayanin na'urori kimanin 100, da yawa daga cikinsu tuluna ne na ban mamaki masu zuba abin sha da kansu. A 1206 kuma Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa mai na'urori 50. A ciki akwai ta wanke hannu, wadda wani mutum-mutumi ke fitowa ya miƙo sabulu, wani kuma ya miƙo tawul. Cikin littafin nan dai, da hannun mutumin nan dai, akwai injunan ɗaga ruwa daga kogi. Bai ga cewa miƙa tawul ya rage masa daraja ba, domin dabarun ƙafa mai haƙora da na sarrafa ruwa su ne dai ke aiki nan da can. Daga baya Percival Everitt ya kafa injunan sayar da katin wasiƙa a London a 1883, kamfanin Thomas Adams kuma ya sa na sayar da cingam a tashoshin jirgin ƙasa na New York a 1888.

Ba ma sai mun je nesa ba. Yawancinmu mun ƙera motar kara muna yara, mun feƙe ɓargon kara mun yi taya, wasu sun yanka gwangwani sun yi motar langa-langa har da ƙofa mai buɗewa. Wannan hannu bai mutu ba, makaranta ce ta koya mana mu sa shi a aljihu, muka ɗauka cewa mai ilmi shi ne wanda rigarsa ba ta taɓa maiƙo. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya ga abin da maƙera da masu walda ke fitarwa daga tsofaffin ƙarafa, zai san cewa abin kunya ne ga mai digirin injiniya a ce ba zai iya zama kusa da su a yi maganar aiki ba. Su suna da hannu, mu an ce muna da lissafi. Jami'a an gina ta ne don ta fitar da wanda ya haɗa biyun.

Akwai suka guda da muka yarda tana da ƙarfi. An ce allon da kunnen da injin duk daga waje aka shigo da su, kuma zanen irin wannan akwati yana nan birjik a intanet, saboda haka ba su ƙirƙiri kome ba. Gaskiya ne, su ma ba su ce sun ƙirƙira ba. Amma tsakanin wanda ya kwaikwayi abu da hannunsa har ya san dalilin kowace waya, da wanda ya saya a haɗe, akwai tafiya mai nisa. Na farko gobe zai iya sauya abin ya dace da bukatar garinsu. Faifan nan mai huda da ke ƙirga alawa ɗai-ɗai, irinsa ne ke cikin injin shuka yana sakin ƙwayar masara ko ta gyaɗa daidai tazara. Mazurari da mai ƙidayar lokaci su ne injin ba kaji abinci. Kunnen jemagen nan shi ake ɗaurawa a bakin tanki ya faɗi inda ruwa ya kai. A 2020, lokacin annobar korona, da aka bukaci na'urorin wanke hannu da ba a taɓa su, wannan dabara ta jin kusantowar hannu ce aka yi ta nema. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga yayyenmu da suka gama suka kama aikin gwamnati, waɗanda muka san suna karanta wannan mujalla, maganar nan ta shafe ku fiye da kowa. Ku ne kuke ganin injunan da aka sayo da kuɗin jama'a sun yi ƙura a lungunan ofisoshi da asibitoci, wani lokaci saboda fis ɗaya ya ƙone ko kafasita ta kumbura, babu wanda ya isa ya buɗe murfi ya duba, sai a rubuta takarda a nemi sabo. Wanda zai buɗe murfin nan shi ne ɗalibin da yau yake fama da gorar alawa. Wanda ya sayi aikinsa kuwa, shi ma zai zo ofishinku da takardarsa mai kyau, a ba shi kujera, wata rana a ba shi ya sa hannu a kan wayoyin ginin da mutane za su kwana a ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai dai a wannan wanka ba cibinsa kaɗai zai fito ba, har da sunan makarantarmu da darajar takardar da kowannenmu zai riƙe.

Don haka muna kira da abubuwa huɗu. Na ɗaya, Ƙungiyar Ɗalibai ta ware ɗaki guda da akwatin kayan aiki, watau mita da ƙarfen liƙi da dalma da 'yan alluna, wanda kowane ɗalibi, ko daga wane sashe yake, mace ko namiji, zai iya ara ya sa hannu ya mayar. Abin da ake kashewa a liyafar dare ɗaya zai yi nisa wajen sayen waɗannan. Na biyu, muna roƙon malamanmu, cikin ladabi, su sa ƙaramin aikin hannu a kowace shekara tun daga aji ɗaya, su kuma ba da maki a kan littafin da ɗalibi ya rubuta kurakuransa da yadda ya warware su, ko da abin bai gama aiki ba. Na uku, ranar kare aikin kammala karatu, mai jarrabawa ya zare waya guda a ɓoye ya ce da ɗalibi ya nemo ta ya mayar. Wannan kaɗai ya isa ya rage cinikin shagunan da muka ambata. Na huɗu, a riƙa gayyato masu gyaran rediyo da waya da masu walda na cikin gari su zo su nuna mana sana'arsu, a ba su kujera da girmamawar da ake ba kowane baƙo mai ilmi.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka yi dariya, ba mu riƙe ku ba, mu ma da farko mun murmusa. Masu akwatin sun yarda su ajiye shi a ofishin wannan mujalla har ƙarshen zango, murfinsa a buɗe, littafin kurakuransu a gefe. Yaron nan da ya kwashe musu alawa ya dawo da yamma bayan an watse, ya tambayi ɗalibar nan yadda akwati ke ganin hannu ba shi da ido, ta zaunar da shi ta nuna masa waya bayan waya har aka kira magariba. Wanda ke da irin tambayar yaron nan, ƙofarmu a buɗe take, sai dai ya zo da alawarsa, domin tamu ta ƙare. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu fita daga makarantar nan da abin da hannunmu zai iya shaida. Amin.